Littafin aikin katanga: ƙadangare mai gemu da jan gwadanmu na Garwa

Laraba, 11 ga Disamba 2024

Ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu ta tsayar da aikin da za ta yi bana. Shawarwari sun zo iri-iri, daga mai son tace ruwan Binuwai sai mai son haɗa murhun rana, amma ƙadangare ne ya yi rinjaye. Wani gajeren bidiyo ne da ya zaga wayoyin yaran ya jawo haka. Ƙadangare ne mai faɗin kai, launin ƙasa-ƙasa, yana kwance abinsa, sai aka kanga masa madubi. Nan take ya hura maƙogwaro, ƙayoyin wurin suka miƙe, wuyan ya koma baƙi ƙirin alhali bayansa bai sauya ba. Tambayar da suka zo mini da ita ke nan: yaya fata ɗaya za ta yi baƙi a wani wuri ta bar wani wuri?

Wannan shi ne ƙadangare mai gemu, wanda masana ke kira Pogona vitticeps. Gidansa busassun yankunan tsakiyar Ostireliya, kuma babba yakan kai kusan santimita 60 har da wutsiya. Ba mu da shi a Garwa, ba kuma za mu neme shi ba. Ostireliya ta hana fitar da namun dajinta tun shekarun 1960, waɗanda ake kiwo a gidajen Turai da Amurka can aka ƙyanƙyashe su, kuma kuɗin guda ɗaya ya fi ƙarfin asusun ƙungiyarmu. Sai dai a wajen masana dangi ɗaya yake da jan gwadan da ke gyaɗa mana kai a kan katanga kullum, wato Agama agama. Dangin sunansa Agamidae.

Saboda haka tsarin ya zama haka: mu karanta abin da aka gano game da mai gemu, sa'an nan mu zuba wa namu ido daga hunturu zuwa faɗuwar ruwa, mu ga inda suka yi tarayya da inda suka raba hanya. Na kafa doka guda: duk wanda aka gani da danƙo ya fita daga ƙungiya.

18 ga Disamba

Kayan aiki ba su taka kara sun karya ba. Wayoyi biyu, littafin rubutu, da na'urar auna zafin goshi da ta rage a ofis tun zamanin korona. Tana da maɓallin da ake juyawa ta auna zafin bango ko na ƙarfe, shi muke amfani da shi.

Matsalar farko daga wayar ta fito. Tana da karambani: in ta ga abu mai duhu sai ta ƙara masa haske da kanta, ƙadangaren da ido ya gani baƙi sai ya fito a hoto ruwan toka. Maganin da muka yi shi ne muka shafa wa kwali fenti, fari da toka da baƙi a jere, muka kafa shi da ƙusa a jikin katangar gabas, inda hantsi ke fara dukawa. Hoton da babu kwalin a cikinsa ba ya shiga lissafi.

Baba mai gadi ne ya zaɓar mana wanda za mu bi. Ya ce, "Malam, kada ku wahalar da kanku. Ka ga wancan mai guntuwar wutsiya? Shi ne mai unguwar nan, tun damina yake riƙe da kusurwar nan, ba ya nisa." Yara suka laƙaba masa Guntu. An tafi hutu, sai Janairu.

15 ga Janairu 2025

Sanyin bana ya yi mana rana. Da asuba iska na sauka ƙasa da digiri 20, ga hazo, ga bango ya kwana yana hucewa.

Ranar Asabar na isa tun kafin rana ta leƙo. Sai da hasken ya sauko kan bulo na sama sa'an nan Guntu ya fito daga tsagar da ke ƙarƙashin kwanon ɗakin ajiya, yana jan jiki kamar ba ya so. Ba don wutsiyar ba da ban shaida shi ba. Kan nan da muka sani ja ya zama ruwan ƙasa mai duhu, jikin kuma baƙi-baƙi, babu shuɗi ko kaɗan. Ya hau saman bango, ya juya wa rana gefensa, ya baje haƙarƙari har ya yi faɗi, ya manna ciki da bulo. Na matso har kusan taku uku bai motsa ba, ido kawai yake juyawa. Can sai launi ya fara kunno kai ta wajen hanci da saman ido, ruwan lemo mara ƙarfi, ya riƙa gangarowa wuya. Kafin hantsi ya gama dubawa kan ya nuna sosai, kafaɗu sun ɗauki shuɗi. A lokacin ne ya ɗaga ƙirji ya gyaɗa kai karo na farko, kuma daga nan ko taku goma bai yarda na kusance shi ba.

Wannan ne ya ba ni ƙofar shigar da binciken da ya fi kowane muhimmanci a aikin namu. A 2016 wasu masana na Jami'ar Melbon da ke Ostireliya, Kathleen Smith da Devi Stuart-Fox da abokan aikinsu, suka kamo masu gemu daga daji a arewacin jihar Biktoriya, suka riƙa sa su cikin zafi daban-daban, daga digiri 15 zuwa 40, suna auna hasken da fatarsu ke mayarwa. A digiri 15 bayan ƙadangaren ya yi duhu, a 40 ya yi haske, rawaya-rawaya. Amma gemu da ƙirji ba su bi zafi ba. Waɗannan sai an haɗa shi da ɗan'uwansa suke juyawa, daga fari-fari zuwa baƙi wuluk.

Dalilin duhun bayan ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa sa baƙar riga ya tsaya a rana. Ƙadangare ba ya haɗa zafin jikinsa daga ciki yadda mu muke yi, rana ce murhunsa, kuma mai gemu sai jikinsa ya kai wajen digiri 35 yake sakewa ya yi farauta, ya narkar da abinci, ya nemi mace. Masanan sun lissafa cewa duhun nan na rage masa kimanin minti 22 na shan hantsi a kowace rana, wanda a tsawon watannin da yake kai-komo a shekara yakan taru ya kai wajen awa 85.

Wani ɗalibi ya ce, "Malam, minti 22 kawai? Ai ko shayi ban gama sha ba." Na ce masa ya tuna da Guntu na safiyar Asabar, wanda na tsaya kansa bai iya gudu ba. A mintocin nan ne shirwa ke shawagi, a cikinsu ne kyanwa ke zagaye, kuma wanda ya riga ɗumama shi ke riga kama wurin tsayuwa mai kyau. A ganina adadin ba ƙarami ba ne sam.

29 ga Janairu

Yau ba mu fita ba, allo muka yi. Sun matsa sai an gaya musu abin da ke faruwa a cikin fatar.

Fatar ƙadangare hawa-hawa take. A sama akwai ɓawon nan da yake saɓawa lokaci-lokaci, wanda haske ke ratsawa. Ƙarƙashinsa ne ƙwayoyin launi suke, jeri uku. Na sama su ke riƙe da rawaya da ja, wani sashe jikin ne ke haɗawa, wani kuma daga abinci yake zuwa. Na tsakiya ba su da launin kansu, cike suke da ƙananan ƙyalƙyali na wani sinadari da ake kira guwanin, aikinsu mayar da haske. Na ƙasa su ne masu melanin, sinadarin nan da ya ba mu namu baƙin fata. Waɗannan na ƙasan suna da rassa da suka miƙe sama, suka kutsa tsakanin na tsakiya da na sama.

To, a cikin rassan nan ne aikin yake. Melanin ɗin a cikin 'yan ƙananan ƙunshi yake, kuma ƙunshin na tafiya. In suka tattaru can ƙasa a tsakiyar ƙwayar, sai rassan su zama fayau, haske ya shiga ya dawo da rawaya ko ja, dabbar ta yi haske. In suka watsu suka cika rassan, sai su lulluɓe na saman, hasken ya shiga ya maƙale, dabbar ta yi duhu ta kuma sha zafi. Ba sabon launi ake ƙirƙira ba, shi ya sa abin ke faruwa cikin mintoci, wani lokaci ma ƙasa da haka. Umarnin kuwa ta jini yake zuwa da kuma ta jijiya. Akwai wani homon, wato sinadarin da jini ke ɗauka ya kai saƙo, mai suna MSH, daga wata 'yar ƙaramar gaɓa a gindin ƙwaƙwalwa, shi ke watsa melanin a cikin ƙadangaru da kwaɗi da dama.

Abin da ya fi ba su mamaki shi ne shuɗin jikin jan gwada. Babu shuɗin sinadari a fatarsa. Ƙyalƙyalin tsakiya ne ke mayar da shuɗin haske, melanin na ƙasa ya shanye sauran. Wata ɗaliba ta yi shiru, sa'an nan ta ce ashe ke nan baƙin shi ke fito da shuɗin. Haka ne, kuma ita ta fara gani.

Dole hawainiya ta shigo zancen. Kowannensu ya tashi da jin cewa in ka sa mata jan zane za ta yi ja, in ka sa mata atamfa za ta fito da zanen atamfar. Wannan ƙari ne irin na labari. Abin da aka tabbatar ma ya fi shi daɗi. A 2015 Michel Milinkovitch da mutanensa a Jami'ar Jeneba suka nuna cewa namijin wata hawainiyar Madagaska ba melanin kaɗai yake motsawa ba, tazarar da ke tsakanin ƙyalƙyalin guwanin ɗin yake sauyawa. In yana kwance hankali suna matse da juna, suna mayar da shuɗi, shuɗin ya ratsa rawayar sama ya fito kore. In ya hango abokin gaba sai tazarar ta buɗe, launin ya gangara zuwa rawaya da ruwan lemo da ja. Kishi ne ke juya shi, ba zanen da ya taka ba. Sun kuma samu wani jeri can ƙasa mai mayar da hasken nan da ido ba ya gani amma fata ke jinsa a matsayin zafi. Wannan darasi ne a gare mu ma: kusan rabin ƙarfin rana a cikin hasken da ba a gani yake, don haka hoton waya rabin labari yake ba mu.

19 ga Fabrairu

Hidimar bikin matasa na 11 ga wata ta cinye mana makonni, atisayen fareti ba ya barin kowa.

Mun dawo da batun dare. Akwai wani bincike na 2014, shi ma daga Melbon, na Marie Fan da Stuart-Fox da Viviana Cadena, da ya nuna cewa mai gemu yana da agogon launi. Cikin dare, yana barci, fatarsa haske take yi, sai gab da wayewar gari ta koma duhu. Da aka bar su cikin duhu ba dare ba rana, a wasu daga cikinsu sauyin bai tsaya ba, ya ci gaba da zagayowa kusan kowace awa 24. Wato jikin ba ya jiran rana ta fito kafin ya shirya mata.

Yara suka ɗauka namu ma haka zai yi. Ba zan tara 'ya'yan mutane a makaranta da dare ba, don haka ni da Baba mai gadi muka zagaya da tocila bayan isha'i. Mun same su a maƙale a saman bango ƙarƙashin kwano, wasu a jikin darbejiya, ido a rufe, farce a kafe. Babu mai haske a cikinsu. Guntu duhu yake, ruwan ƙasa daga kai har wutsiya, da ƙyar za ka raba shi da matan da ke kusa. Baba ya yi dariya ya ce, "Ai sarauta da rana ake yin ta, Malam."

A nan suka fara raba hanya, kuma na ji daɗin hakan. Da komai ya zo daidai da takardar Ostireliya, da yaran sun koyi kwafa ne kawai.

12 ga Maris

Azumi ga zafi. Da azahar iska na haura digiri 40, bulo kuwa na'urar ta nuna ya wuce haka nesa, ba ya taɓuwa. An rage zaman ƙungiya, masu ƙarfin hali kaɗan ke zuwa.

Yanzu duhun safe gajere ne, kafin a shiga aji Guntu ya riga ya nuna. Da rana ta take, matan da ƙananan kan yi fari-fari, amma a gaskiya launi ba ya isar su. Suna miƙe ƙafafu su ɗaga ciki daga bango, su fuskanci rana da kai maimakon gefe, wasu su buɗe baki, daga baya duk su gangara inuwa. Mai gemu ma haka yake yi, yakan hangame baki in ya kai zafin da yake so. Launi na taimakawa ne a gefe-gefen yini, da safe da kuma yamma. Tsakar rana ta Maris a Garwa sai inuwa.

23 ga Afrilu

An yi yayyafi sau ɗaya, hadari na haɗuwa yana watsewa, kuma katanga ta rikice. Mazan sun fi kowane lokaci kyau, kai ja jawur, jiki shuɗi mai duhu, tsakiyar wutsiya ruwan lemo. Wasu matan sun fito da tabo ruwan lemo a kuiɓi, cikinsu ya yi nauyi da ƙwai.

Ranar Litinin aka yi abin da muke jira. Wani namiji ya tsallako daga bangon makwabta, girmansa ɗaya da Guntu, kansa ja. Guntu ya fara da gyaɗa kai da ƙarfi, yana ɗaga gaba ɗayan ƙirjinsa yana saukewa, ya saki fatar maƙogwaro ta rataya. Baƙon bai janye ba. Sai muka ga abin da babu wanda ya zata a cikin yaran: jan kan Guntu ya dushe ya koma ruwan ƙasa, jikin ya yi haske da ɗige-ɗige farare. Suka jera gefe da gefe, kan wannan wajen wutsiyar wancan, kowa ya matse jikinsa ya yi tsawo ta sama, baki a buɗe. Sai bulala. Da wutsiya suke dukan juna, ana jin ƙarar daga inda muke tsaye, kuma guntuwar wutsiyar ba ta hana mai ita komai ba. Baƙon ya faɗo ƙasa, ya ruga cikin tarin bulo. Bayan ɗan lokaci kan Guntu ya dawo ja, ya hau kusurwarsa ya yi ta gyaɗa kai ba kowa a gabansa. Wanda aka kora mun gan shi da la'asar a gindin bango, a dushe, ko da yake rana ɗaya ta dafa su.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da na fi so yaran su riƙe. Akwai maza a katangar nan da suka kai girma, suna shan rana ɗaya da Guntu, zafin jikinsu ɗaya, amma ba sa yin ja. Launin mata suke ɗauka su zauna lafiya a gefen mai wuri. Ke nan zafi sharaɗi ne, amma bai wadatar ba, sai an haɗa da matsayi.

In aka jera su biyun, ga yadda nake ganin abin. Mai gemu ya raba fatarsa gida biyu. Baya, wanda ke kallon rana da shaho, na zafi ne da ɓuya. Gemu da ƙirji, waɗanda sai ya ɗaga kai ake gani, na magana ne da 'yan'uwansa: namiji ya baƙanta gemu ya gyaɗa kai, na ƙasa da shi ko mace ta ɗaga hannu ɗaya ta juya shi a hankali, alamar ba faɗa ta zo ba. Da haka yana iya yin barazana ba tare da ya ɓata lissafin zafinsa ba, ya kuma kwantar da kai ya ɓoye gemun in ya ga inuwar tsuntsu. Jan gwada bai yi wannan rabon ba. Tallarsa a saman kai take, inda kowa ke gani, kuma fatar da yake shan hantsi da ita da safe ita ce dai yake yin ado da ita da walaha. Shi da lokaci yake rabawa, safiya ta zafi, rana ta sarauta. Dabarar mai gemu ta fi tsari a idona, amma ta namu ta fi kyan kallo, kuma ga dukkan alamu tana biya masa, tunda babu katangar da babu shi daga Yelwa har Rumde Ajiya.

Mun gwada madubi kamar na bidiyon. Guntu ya zo ya duba, ya gyaɗa kai, ya yi gefe-gefe da shi, ya leƙa bayansa, sa'an nan ya rabu da shi. Mun cire, kada a dame shi a banza.

7 ga Mayu

Saura tambaya ɗaya cikin waɗanda muka rubuta a Disamba, ta sajewa da wuri. A 2017 Cadena da abokan aikinta suka kwatanta masu gemu na wurare biyu: na wajen Alice Springs, inda yashi ja ne, da na arewa maso yammacin Biktoriya, inda ya fi kusa da rawaya. Na jan yashi sun fi ɗaukar ruwan lemo, na kudu sun fi rawaya. Da aka riƙa sauya musu shimfiɗa, duka biyun sun ɗan karkata zuwa launin abin da suke kai, amma kowanne bai bar launin ƙasarsu ba. Sajewar gaskiya ce, iyakarta ce gajera.

Za mu gwada irinsa da ƙananan ƙadangaru da mata, tunda su ne suka fi dogara da ɓuya. An samo manyan kwalaye uku. Ɗaya za a zuba masa farin yashin bakin Binuwai, ɗaya jar ƙasa, ɗaya garin gawayi gauraye da yashi. Wahalar ita ce gawayi ya fi yashi ɗaukar zafi, in ba a kula ba sai mu auna aikin zafi mu ce na launin shimfiɗa ne. Don haka duka ukun a inuwa ɗaya za su zauna, ƙarƙashin rumfar ɗakin gwaji, kuma ba za a sa ƙadangare ba sai na'urar ta nuna zafinsu ya zo ɗaya. Kamu da zargen zare a bakin sanda, da sassafe kafin su ɗumama, a mayar da kowanne inda aka ɗauko shi kafin azahar. Mata masu ƙwai ba za a taɓa su ba.

'Yan ajin jarrabawa sun janye sai bayan Yuni, aikin ya koma hannun ƙananan aji. Kwalin fentin da ke jikin katanga ya kwaɓe da ruwan daren Lahadi, za a sake wani a kan falange, a shafa masa fenti daga gwangwanayen da aka yi na farko don hotunan su yi daidai da na baya. Yashin Binuwai kuma a ɗebo shi a makon nan, kafin kogi ya cika ya rufe bakin.